Akushi a Cikin Gilashi

Mun tashi da asuba daga Maraɗi, ni da ɗana da ya zo ɗaukata, wai in je Katsina in huta. Ina faɗa ne ana rubutawa, don ni ban shiga lakwal ba, wato makarantar boko, kuma na ce a rubuta yadda na faɗa, kar a gyara mini baki.

Damina ta kankama, gero ya rufe ƙasa dama da hagu har Ɗan Isa. A bakin iyaka muka canja sefa, aka miƙo mana naira dami guda kamar mun sayar da sa, ashe kuɗin cefane ne. Daga Jibiya zuwa Katsina ba nisa, tsaye-tsayen ne suka yi yawa. Kowane shinge sai an leƙo an gaishe ni, ni kuma in amsa in dubi mutum har ya ɗauke kai.

Ban daɗe da sauka ba na gane irin hutun da ake nufi. An gyara mini ɗaki mai na'urar sanyi, an hana ni ɗaukar ko da buta. Sannan ɗana ya zauna gabana ya sunkuyar da kai, ya ce na tsufa da zama ni kaɗai, in bar gidana na Maraɗi in dawo wurinsu. Ya ƙara da cewa ko bakin titi na fita a Katsina sai an nemo ni.

Wannan ta ƙarshen ce ta tsaya mini a rai.

Jikokina kuwa sun dame ni da tambayar ranar haihuwata, za su yanka mini kek. Katin shaidata bai sani ba, shekarar ma ƙiyasi aka yi. Abin da na sani shi ne, mahaifiyata ta ce ta ci tuwon cika-ciki ta ƙoshi, gari na wayewa na zo duniya. To ga cika-ciki ya same ni a Katsina. Na ce ba na son kek, yawo nake so, ni kaɗai, tun hantsi har magariba. In na kira waya aka zo aka ɗauke ni, na yarda na tsufa, a je a kwaso kayana. In na dawo da ƙafata, a mayar da ni gidana.

"Inna, kin fa faɗa," in ji ɗana.

"Ka taɓa jin na faɗa na janye?"

Washegari ya saka mini waya a jaka, ya nuna mini inda zan danna. Na fito ina lura da hanya: mai walda a kan kwana, mai gasa masara, wata tunkiya ɗaure a gindin dalbejiya. A bakin titi na tsai da keke na ce a kai ni muze, yadda muke faɗa a can.

"Ina ne haka, Inna?"

"Inda gwamnati ke ajiye tsofaffin..."

"Gidan gajiyayyu?"

Na dube shi ta madubi. Wani malami da ke zaune a gaba ya yi gyaran murya ya ce gidan tarihi nake nufi. Har muka isa mai keken bai sake duban madubi ba, kuma kuɗin da na ba shi bai ƙirga ba.

Gidan tarihin tsohuwar kwaleji ce, ginin jar ƙasa, bango mai kauri, ciki da sanyi ba tare da wata na'ura ba. Shekara saba'in da ɗoriya, ranar na fara taka makaranta, kuma da kwaleji na fara. Wani dattijo ma'aikacin wurin ya zagaya da ni, yana karanta mini rubutun da ke ƙarƙashin hotuna. Mutumin kirki ne, bai gaji da tambayata ba. Na ga takubba da sulke, na ga ɗakunan da manyan ƙasar nan suka zauna suna yara. Na lura akwai yana a wata kusurwa, na gaya masa.

Sai muka shiga wani ɗaki, na tsaya cak. Ga mazari, ga tukunyar ƙasa, ga ludayin duma, ga baƙin akushi a cikin gilashi. Kayan ɗakina ne, ba ragi. Irin akushin nan nake cin tuwo a ciki har gobe. Nasu ya fi nawa kyau nesa ba kusa ba: ba tsaga, ba tabon miya, an goge shi yana sheƙi. Na tambaya ko ana taɓawa, ya ce a'a, kallo kawai. Na daɗe a tsaye a wurin. Ɗakin sanyin da aka gyara mini ne ya faɗo mini a rai.

Da azahar na yi sallama wani gida na roƙi wurin salla, matar gidan ta haɗa ni da ɗanwake. Ya yi daɗi, sai dai mai ya yi yawa. Furar Katsina kuwa ba ni da abin cewa, ta kusa kamo tamu. Daga nan na nufi hasumiyar Gobarau. Matakalarta ƙunci gare ta, gwiwata ta ce a'a, na ce mata ba ke kika kawo ni ba. Ban kai ƙoli ba, ba zan yi ƙarya ba, amma na hau inda na hango rufin kwano ya tafi har inda idona ya ƙare, da hadari yana haɗowa daga gabas.

Ruwan ya tsare ni a wata rumfa har bayan la'asar. Da ya ɗauke na hau keke zuwa Ƙofar Kaura, na sauka, na duba. Mai walda ya rufe. Mai masara ya kwashe. Tunkiya an shigar da ita. Dalbejiya kuwa kowane lungu da tasa, ƙofofin gidaje duk baƙin ƙarfe iri ɗaya. Na shiga lungu na fito, na shiga wani, takalmina ya cika da taɓo, rana tana ja. Na sa hannu a jaka na taɓa wayar. Dannawa ɗaya ce. Na fitar da hannuna.

Wata mata tana suyar awara a ƙarƙashin rumfa, na yi mata sallama muka gaisa.

"Gidan wa kike nema, Inna?"

Nan fa ake yin ta. Ɗan fari ne. Tun ranar da aka raɗa masa suna bakina bai taɓa faɗarsa ba, ba kuma a kan titin Katsina zan fara ba.

"Gidan wani yaro, mai sayar da tayar mota."

"Masu taya ai sun yi yawa. Sunansa fa? Ko na babban ɗansa?"

Babban ɗan kuma sunan marigayi maigidana ya ci. Ta dube ni, ta ajiye matsamin tana murmushi.

"Na fari ne, ko?"

"Kin san Annabin da kifi ya haɗiye?"

Ta faɗi sunan, har da Alhaji a gaba.

"Ke kika faɗa," na ce.

Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce lungu na gaba ne, gidan da ke kallon masallaci. Ta ce bari ta raka ni. Na ce ta zauna kar awararta ta ƙone.

Ana kiran magariba na karyo kwana. Yana tsaye a ƙofar gida, makullin mota a hannu ɗaya, waya a ɗaya. Na miƙa masa wayar da ya ba ni na ce ya duba, ban danna ba. Ya dubi taɓon ƙafata, ya dubi ƙasa, ya ce, "Sannu da zuwa, Inna." Kek ɗin dai sai da aka yanka. Sukari ne zalla.

Da sati ya zagayo ya mayar da ni Maraɗi da kansa. Wayar na karɓa, don na ga amfaninta ko ba a danna ba. Abin da tafiyar ta koya mini, ba ƙiyayya ke sa a ajiye mutum ba, so ne, shi ya sa ƙin yarda yake da wuya. Kuma in za ka yi wa hanya alama, kar ka yi da abin da ke da ƙafa.

Na buɗe ɗakina na share, na tuƙa tuwon gero. Na sauko da akushina mai tsaga a baki, na zuba, na ci da hannuna.