Teburin da Ba Mu da Shi

A shekarun da aka zaftare albashin ma'aikata, ɗinki ya ja baya a unguwarmu ta Briqueterie. Babana tela ne, sai kekensa ya wuni shiru. Ya faɗa mini ƙarara: in na faɗi jarrabawar bana, makaranta ta ƙare, in dawo shago ina sa maɓalli.

Ana cikin haka malamar Faransanci ta ba mu insha'i, mu bayyana yadda iyali ke cin abinci ranar Lahadi. Na zage na rubuta namu: tabarma, tire ɗaya na tuwo, maza a zaure, mu mata a tsakar gida, Inna na raba nama da hannu. Takardar ta dawo da jan biro.

"Kin kauce," in ji malamar. "Iyali na ce, irin wanda kowa ya sani. Ina tebur? Ina hirar uba da 'ya'ya?"

Kowa wa? Rabin ajin daga layinmu suke! Yarinyar da muke benci ɗaya, 'yar ma'aikacin gwamnati, ita ta zo ta ɗaya. Ba ta ƙirƙiri komai ba, falonsu kawai ta kalla ta kwafe. Kuma kullum tana min ƙorafin wahala, wai yanzu sau ɗaya suke cin kaza a mako. Da na ce mata ta yi sa'a, har fushi ta yi.

"Sa'ar me? Ai haka kowane gida yake."

Abin nan har yau yana ƙona mini rai, don da gaske take, ba rainin hankali ba ne.

Ranar babbar jarrabawa tambayar ta sake fitowa. A takarda na kafa mana tebur, na shimfiɗa masa farin ƙyalle, na jera cokula. Na ɗora Baba a kujera yana tambayarmu labarin makaranta. Na ci, da maki mai kyau.

Baba bai iya Faransanci ba. Don murna ya tsayar da keke, ya ce, "Zauna, 'yar nan, juya min abin da kika rubuta da Hausa in ji."

Na juya masa tun daga ƙyallen har cokula. Ya saurara, zare a bakinsa, yana gyaɗa kai.

"Ma sha Allah, gida mai tsari," ya ce. "Gidan wa ne?"