Inuwar da Baba Seidu ya sa muka ba 'yan garin Cape Coast na Ghana

Jiya 'yan ƙwallon Cape Coast na saukowa daga motar haya ta trotro, sai na yi sauri na zaunar da ƙungiyarmu ta unguwar Maamobi da ke Accra a ƙarƙashin bishiya ɗaya tilo da ke bakin filin. Ni ne kocinsu, kuma nufina rana ta gasa baƙin kafin a take wasa.

Can sai ga Baba Seidu, tsohon da ke ɗinke mana ƙwallo idan ta fashe, ya dogaro sandarsa har gabana.

Ya ce, "Iddi, tashi mutanenka, baƙi su zauna."

Na ce, "Baba, ai filinmu ne."

Ya ce, "Fili naku ne, amma ƙwallon fa? A garinsu aka fara kafa kulob a ƙasar nan, tun Accra ba ta san yadda ake bugawa ba. Yayyenku ne. A Zongo ka taɓa ganin ƙane a inuwa, yayansa a tsaye cikin rana?"

Kunya ta kama ni. Muka tashi, muka ba su wurin, har da ruwan sanyinmu.

Sun ci mu biyu da nema. Ina ta cika ina batsewa, Baba ya dafa kafaɗata ya ce, "Yayanka ne ya doke ka, kuma ya tafi yana yabon tarbiyyarka."

Har yanzu biyun nan na yi mini ciwo. Ku da a ce ku ne, za ku ba da inuwar?