Kawu Sani da Littafin Rashanci Mai Bango Kore

Ina ɗakin gwaje-gwaje a nan Rasha, da hantsi, waya ta shigo daga Inugu. Muryar mahaifiyata ce, ba ta ma tsaya gaisuwa ba. Ta ce, "Sai haƙuri, Kawunki ya cika bayan sallar asuba." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na fita waje na tsaya cikin sanyi, a ƙasar da ba zan taɓa takawa ba in ba don shi ba.

Kawu Sani yayan mahaifiyata ne. A kasuwar Ogbete ta Inugu an san shi da mai gyaran injin markaɗe, kuma kaɗan ne suka san cewa yana saurayi gwamnati ta tura shi Tarayyar Sobiyet ya karanta aikin narkar da ƙarfe. Ya dawo da shaidar digiri da katuwar rigar sanyi, ya tarar masana'antar da aka horar da shi dominta ba ta fara aiki ba. Ya jira har jira ya gaji da shi, sannan ya sauko kudu. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Cewa yake yi, "Ƙarfe ƙarfe ne, ko na jirgi ko na markaɗen wake."

Da na gama jami'a, na samu gurbin ƙaro karatu a Rasha, da sharaɗin sai na ci wata ganawa ta bidiyo da za a gwada ko na iya ɗan abin da ba a rasa ba na harshen. Mahaifiyata ta ce gwaji ɗaya ta yarda da shi. In na faɗi, in karɓi aikin koyarwa a unguwa, a rufe maganar.

Na hau mota zuwa Anaca, na sha cunkoson tashar Upper Iweka, na dawo da littattafai uku, kowanne da darussansa na sauti da aka zuba mini a waya. Na riga na yi zaɓina: wani ƙato mai sheƙi da ya yi alkawarin Rashanci cikin mako guda. Na kai wa Kawu ne don ya yaba, domin mai sabon digiri ba shawara take nema ba, shaida take nema.

Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka Uwata yake kira na. Ya goge baƙin mai daga hannunsa, ya buɗe ƙaton, ya ga an rubuta kalmomin da haruffan boko maimakon na Rashanci. Ya rufe.

"Uwata, ranar da kika sauka can, wa zai sake rubuta miki allunan titi?"

Na biyun ya wuce littafin, ya ce in kunna sautin. Wani Bature ne yana ta bayani da Turanci, ga kiɗa a ƙasa. Kawu ya saurara kaɗan ya ce, "Wannan gidan rediyo ne. Kawo na ukun."

Na ukun siriri ne mai koren bango, takardarsa ta yi ja. Na ce, "Wannan mayarwa zan yi, Kawu. Cuta ta aka yi. Wata tsohuwa ce take faɗin magana ɗaya ta yi shiru, rabin sautin babu komai a ciki."

Ya yi dariya har sai da ya dafa injin. "Yanzu duk bokon nan naki? To a makarantar allo, in malam ya biya ya yi shiru, lalacewa ya yi? Ke take jira, Uwata. Wanda bai bar miki wurin magana ba, ba koyar da ke yake yi ba."

Shi muka ɗauka. Kuma ya ƙi yarda in yi karatun a ɗaki. Kullum da yamma sai in zo shagonsa, injuna na ruri, tsohuwar ta faɗa, ni in maimaita da ƙarfin da zai ji daga inda yake kwance ƙarƙashin inji. In bai ji ba, ban faɗa ba. Matan da ke kawo markaɗe suka fara kallona da tausayi. Wata ta ja shi gefe ta ce, "Malam, 'yar nan ba gamo ta yi ba kuwa?" Ya ce, "Ta yi, Hajiya, amma aljanin mai ilimi ne."

Ranar ganawar a gidansa muka yi, don ya fi samun sabis. Ya sa babbar riga ya zauna inda kyamara ba ta kai ba, ya naɗe hannu, bai ko motsa leɓe ba. Malamar da ke gwada ni ta yi tambayar farko, na amsa da muryar shagon markaɗe har ta ɗan ja baya. Daga nan ba ta tambayi abin da ya gagare ni ba. Da muka gama ta ce na ci, sannan ta tambaya cikin murmushi wa ya koya mini magana irin ta kakarta.

Sai Kawu ya miƙe, ya gyara hula, ya shigo gaban kyamara ya gaishe ta. Tun kafin a haife ni rabon da ya yi Rashanci da ɗan ƙasar, amma maganar ta zubo kamar jiya ya baro. Suka yi ta hira suna dariya, ni da na ci jarrabawar ina tsintar ɗaya cikin goma. Da aka kashe waya ya juyo, idonsa ya ciko, ya ce wa mahaifiyata da ke zaune a gefe, "Kin gani? Masana'antar ce ba ta tashi ba. Karatun ya tashi."

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Sani, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa ilimin da ya bayar ya zama mai gudana a gare shi. Ka ba matarsa Gwaggo Asabe da 'ya'yansa da mahaifiyata haƙurin wannan rashi, Ka tsaya musu a garin da ba nasu ba. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.