Kujerun aro na Mama Saratu

Ina buɗe shago sai ga Mama Saratu, maƙwabciyata a Muciya mai riƙon jikoki marayu. Wai in ara mata kujeru da fanka, jami'an tallafin gwamnati za su zo duba gidanta.

Na ce, "Mama, talauci za su duba fa, ba neman aure ba. Abin da suka gani shi za su rubuta."

Ta ce, "Ɗana, baƙi ne. A ƙasa zan zaunar da su?"

Na hana, ta aro a coci. Suka sha iskar fanka suka tafi, sunanta bai fito ba.

Gobe zan raka ta sakatariya mu roƙa su dawo. Har ta fara cigiyar labule.

Jama'a, yaya ake koya wa mai mutunci nuna rashi?