Rijiyarka Ta Yi Ja, Malam Muktar

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 14 ga Agusta 2024, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran taubashina Malam Muktar, malamin kimiyya, a gidansa na Gwallameji.

Muktar, ni ne dai Babayo mai tifa, wanda ko gwamna ba ya rufe wa baki. Yau bakin ya mutu. Kai ke gyara mini rubutu kana dariya, wannan sai dai a karanta shi a haka.

Ba ka taɓa kulle rijiyarka da kwaɗo ba. Duk layinmu nan muke sha. Yarana kuwa kyauta ka koya musu lissafi, kana cewa kada su gado ni.

Da ruwa ya cinye bayan katangarka, ni na kwaso tsakuwa mai ƙyalli daga inda ake haƙar dalma, na cike wajen kyauta, ina cewa a kira ni Kansila. Ka damƙa, ka shinshina, ka ce, "Babayo, akwai farar wuta a dutsen nan. A ƙarƙashin ƙasa barci yake. In aka farfasa shi ya sha iska da ruwa, tsatsa zai yi, ya tsiyayo da ruwan batir."

Na ce, "To sai mu buɗe shagon caji, Farfesa!"

Damina ta zo, kwata ta yi ja, gwandarka ta bushe, rijiya ta yi tsami. Kana ta zuba mata farar ƙasa don ta kashe tsamin. Duk wanda ya tambaya, sai ka ce dutsen ne. Ba ka taɓa cewa Babayo ba.

Ranar Laraba ni aka tura ɗebo ruwan wankanka. Na jawo guga, ja wur, yana ƙarnin ƙarfe. Sai Maman Joel, maƙwabciyarmu, ta miƙo jarkokinta ta kan katanga. Mutumin da ya shayar da layi guda, da ruwan aro muka wanke shi. Na kasa ɗaga kai.

Likita ya ce zuciya ce, ba ruwan ba. Na tambaya, na sake tambaya.

Sa'adiyya matar Malam, ke da yara ku yi haƙuri, Allah Ya ba ku dangana. Kada ku sha rijiyar. Na fara kwashe tsakuwar, kuma ruwan gidanku a wuyana yake har rijiyar ta washe.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya shayar da kai ruwan Alkausara. Wancan dai, Muktar, hannuna bai taɓa shi ba.