Zanen Gawayi a Katangar Gidanmu

Ni ba mai fita ba ce, shi ya sa aikin shirwa ya faɗo kaina. Ɗan yayana ma'aikacin gandun daji ne, ana aikensa ƙirga sheƙar tsuntsaye masu farauta. Wata rana ya ɗaga kai ya ga sheƙa a kan darbejiyar ƙofar gidanmu a Zongo, wadda aka ce za a sare don faɗaɗa hanya.

Ya ce, "Gwaggo, in na nuna wa shef, shugaban ofishinmu, cewa shirwa na ƙyanƙyasa a nan, bishiyar ta tsira. Duk sanda ta kawo wa 'ya'yanta abinci, ki ja layi ɗaya."

Na ce, "Ɗan nan, ɓarauniyar tsakina zan zauna yi wa gadi?"

Amma a inuwar nan nake tsintar shinkafa tun ina amarya, sai na yarda. Ban iya boko ba, da gawayi nake zane a katanga ta waje, inda nake hango sheƙar. Ko ina madafa nakan gane kukansu. 'Ya'ya biyu ne, ɗaya muryarsa siririya, ɗaya kamar an taka ƙofar kwano. Maƙwabcinmu mahauci yana ta tsiya: "Hajiyar shirwa, an ci hanjina yau ma, a rubuta!" Ni kuwa tsaki huɗu na rasa, ban ko ɗaga tsintsiya ba.

Ana nan sai 'yan jam'iyya suka zo, wai babban baƙo zai wuce, kowace katanga a shafe ta da farar ƙasa kafin azahar. Lokacin jam'iyya ɗaya ce, wa ya isa ya ce a dakata? Ina tsaye aka bi zanen sati biyar da burushi.

Da ɗan yayana ya zo, na karanto masa komai daga ka: ranar da aka ƙyanƙyashe, ranar ruwan da uwar ba ta fita ba, safiyar da mai siririyar murya ya fara tashi. Ya rufe littafinsa.

"Gwaggo, shef ba ya karɓar 'ta ce ta ji'. Sai abin da na gani na kwafa."

"To kunnen nawa na ado ne?"

Ya sa littafin a aljihu ya tafi. Bayan wata biyu aka kawo gatari. Har yau in shirwa ta yi kuka, hannuna kan nemi gawayi, sai in ja tsaki in ci gaba da tsintar shinkafata a rana.