Tafiyar Iya Kwarin Dabino

Har yau idan na ji wani falke ya baje a bakin kasuwa yana ba da labarin kyan wani wuri da ya gani, sai in ji kamar in tashi in toshe masa baki. Ni ma haka nake da, kuma a kan mahaifiyata abin ya ƙare.

A wani ƙauye aka haife ni tsakanin Gafasa da Ajingi, a ƙasar Gaya. Kakanninmu daga Barno suka zo da fataucin kanwa, suka sami ƙasar noma suka zauna. Da mahaifina ya rasu, jakunansa huɗu suka dawo hannuna, na ci gaba da bin hanyar gabas, in kai gero in ɗauko kanwa. Ƙasarmu kuwa shimfiɗe take kamar tabarma. Iya, wato mahaifiyata, ta tsufa ba ta taɓa ganin dutsen da ya fi na niƙa girma ba.

A kan hanyar nan tawa, wajen Dutse, akwai wani kwari tsakanin duwatsu biyu, tafiyar wuni biyu daga gidanmu idan jaki bai yi gardama ba. Nan muke zango. Bishiyoyin dabino sun cika cikinsa, ga wani idon ruwa da yake fitowa daga gindin dutse, ba ya ƙafewa. Da damina ruwa na gangarowa ta jikin duwatsun, ciyawa har ƙugu. Da kaka makiyaya su cika wurin. Da bazara, lokacin da ko'ina ƙasa ke ƙona ƙafa, kwarin nan da sanyinsa, birai na ta tsalle a kan duwatsu. Mutane ba sa yanke zuwa, wasu sayen dabino, wasu kawai don su gani da idonsu.

Duk dawowar da zan yi, sai Iya ta ajiye mazarinta na kaɗi ta ce, "Kai wannan, yaya kwarin naku?" Ni ne ɗanta na fari, ba ta kama sunana. Ni kuwa abin nema ya samu, sai in gyara zama in yi ta zuba, har in ƙara gishiri. Wata rana ta bari na gama, ta ce, "Ka kai ni in gani mana. Dutsen da ya fi kuka tsawo, ina so in gan shi kafin in mutu."

Na ce, "Iya, ai kwarin yana nan, ba inda za shi. Rani da damina ana zuwa. Bari a gama shuka."

Aka gama shuka, sai noman farko. Aka gama shi, sai maimai. Kaka ta zo, na ce jakuna na kwasar dammunan gero. Da aka gama, na ce sanyi ya yi mata yawa. Da a ce wurin sau ɗaya ake zuwansa a shekara, wallahi da na kai ta tun shekarar farko. To amma kullum ana iya zuwa, shi ya sa kullum nake cewa gobe. Shekara uku muka yi a haka.

A shekara ta huɗu Iya ta fara lalube. Zare ya tsinke ta kasa ganin bakinsa. Ƙanwata, wadda take aure a Ajingi, ita ta fara lura. Ta ja ta zuwa hasken rana ta duba, ta ce farar yana ce ta fara rufe mata ido, duka biyun. Iya da kanta ta kira ni ta ce, "Har yanzu ina ganin rumbu, ina ganin kukar ƙofar gida. Abu mai girma ba ya ɓace min. Ka ɗora ni a jaki yanzu."

Ina ma da na ji maganarta! Amma a ranar kasuwar Gaya na gamu da wani mutum mai cire yanar ido, irin masu yawo gari gari da ƴar jakarsu. Na kawo shi gida. Ya ɗaga fatar idon Iya, ya karkata kai, ya ce wannan ba a taɓa ta yanzu, ɗanya ce. Sai ta ƙosa, ta yi fari fat ta rufe ido gaba ɗaya, sannan a sa tsinken ƙarfe a tura ta ƙasa, ido ya buɗe tas kamar na yarinya. Ya ce haka ƙa'idar aikin take, duk mai sana'ar zai gaya min haka. Ya ce baɗi war haka zai biyo.

Maganar ta yi min daɗi, ba zan ɓoye ba. Ta ba ni dalilin ƙara jira, kuma dalili mai kyan faɗa a gaban mutane. Na ce wa Iya, "Me za ki je ki gani dishi dishi? Bari a gyara idon, ki ga har ƴar dabbar nan rema a kan dutse."

Ƙanwata ta yi tsaki a gabana, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, "Haba Yaya! Wuni biyu ne fa. Ka kai ta da ɗan ganin da ya rage, in an gyara ka sake kai ta." Na ce mata ta koma ɗakin mijinta ta bar min maganar uwata. Iya ta juya fuskarta wajen bango.

Shekarar nan muka zauna muna jiran ido ya mutu. Haka ne mana, me za a kira shi? Rumbu ya ɓace mata, kuka ta ɓace, ya rage sai ta gane rana ta fito ko ta faɗi. Ni kuwa sau huɗu na bi ta kwarin a shekarar, na sha ruwansa, na kwanta a inuwar dabinonsa, na dawo ina duba idon uwata ina murna yana ƙara fari.

Mutumin ya dawo kamar yadda ya ce. Ya duba, ya ce ta ƙosa. Ƙanwata ta roƙa a yi ido ɗaya tukuna a ga yadda za ta kaya. Shi ma ya ce haka ya fi. Ni ne na ce a'a, a yi duka biyun a huta, wa ya san ranar da zai sake biyowa? Ni na riƙe kan Iya a cinyata. Ba ta yi kuka ba, sai salati kawai take yi. Da ya gama ya ɗaga yatsu a gabanta, ta ce uku, kuma uku ne. Na kusa tashi in yi rawa. Ya ɗaure idon da tsumma, ya ce kwana bakwai a ɗaki mai duhu, ya kama hanyarsa.

A kwana na uku ciwo ya taso. Idanun suka kumbura, suka yi ja, kanta kamar zai tsage. Babu irin abin da ba mu ɗiga ba. Na bi mutumin har kasuwa biyu, aka ce ya yi arewa. Da kumburin ya sace, Iya ba ta ko iya gane rana. Na sha yi masa Allah ya isa, amma idan na zauna ni kaɗai na san ba shi ya hana ni ɗaura wa jaki akumari ba.

Bayan wata biyu, ana tsakiyar shuka, na bar gonar haka nan na ɗora ta a jaki. Ba ta tambaye ni ina za mu ba. Wuni biyu cif, kamar yadda ƙanwata ta faɗa, muka isa da la'asar. An yi ruwa da safe, duwatsun na ta sheƙi, kwarin ya yi kore shar. Ban taɓa ganinsa da kyau kamar ranar ba, kuma ban taɓa tsanar wani wuri kamar yadda na tsane shi ba.

Na sauke ta, na kai ta bakin idon ruwan. Ta ɗiba ta sha, ta yi alwala. Ta ce in kai ta jikin dutsen. Ta ɗora tafin hannunta, ta miƙa sama iyakar tsawonta, ta yi ɗage, sannan ta sauke hannun. Ta ce, "Akwai saura a sama?"

Na ce, "Da yawa, Iya."

Ta ce, "To."

Wata mata mai sayar da dabino ta matso ta gaishe ta, ta ce, "Sannu da hanya, Baba. Kin ga wurin namu?" Iya ta ce, "Na gani, ƴar nan. Ɗana ne ya kawo ni." Na sunkuyar da kai ina gyara igiyar jaki wadda babu abin da ya same ta.

Washegari muka juyo. Ba ta zage ni ba, ko a ranar ko bayanta, kuma da ta zage ni da na ji sauƙi. Sai da na hango rumbunan ƙauyenmu, na ce mata mun kusa, sannan ta sa na tsai da jakin. Ta lalubo hannun rigata ta yi ƙasa da murya.

Ta ce, "Kai wannan, dutsen nan baƙi ne ko ja? Matan unguwa za su tambaye ni. Kada in faɗi ba daidai ba su sami abin faɗa a kanka."